Haɗaɗɗen Lemon Gida a Yammacin Zamfara: Zoɓo, Tsamiya, Aya da Sha'anin Ruwa

A tsakanin watan Maris da na Mayu, lokacin da hunturu ya janye kuma damina ba ta kai ga sauka ba, zafin rana a garuruwan Anka, Gummi da Bukkuyum yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salsiyos, kuma a wannan tsakanin ne abin sha mai sanyi yake tashi daga matsayin kayan marmari ya shiga sahun buƙatun gida na yau da kullum. Azumin shekarun 2024 da 2025 ya faɗo ne a cikin wannan zafi, abin da ya sa kusan kowace uwargida ta riƙa tanadin abin da za a fara jiƙa maƙoshi da shi bayan dabino, tun kafin ta ɗora tukunyar kunu. Yankin ba ya cikin wuraren da ake neman madadin giya don a rage shanta, domin tun kafin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoban 1999, wadda ta fara aiki a watan Janairun 2000 ta kuma haramta cinikin barasa a jihar, jama'ar waɗannan garuruwa suna da daɗaɗɗiyar al'adar jiƙo da tata da damawa, wadda ta haifar da fura da nono, da kunun zaƙi, da ruwan tsamiya, da zoɓo, da kunun aya.

Abin da ake nufi da haɗaɗɗen lemo shi ne abin shan da aka gina daga sassa da yawa, kowanne da aikinsa, aka kuma auna su ta yadda babu wanda zai danne wani. A manyan otal-otal na Abuja da Kano da Kaduna akan jera irin waɗannan a takardar abinci da sunaye na ƙasashen waje, a sayar da kofi guda da kuɗin da zai ciyar da ƙaramin gida yini ɗaya, alhali abin da ke cikin kofin bai wuce ruwan 'ya'yan itace da sukari da ƙanƙara ba. Wanda ya fi shahara a Nijeriya shi ne Chapman, wanda ake danganta asalinsa da Ikoyi Club a Legas, kuma ana haɗa shi da Fanta da Sprite, da wani jan ruwa mai zaƙi da ake kira giranadin wanda asalinsa daga rumman ake yin sa, da yankan kokwamba da lemon tsami, sannan a ɗiga masa ɗigo kaɗan na Angostura domin ɗan ɗaci da ƙamshi. A nan ne Musulmi mai kiyayewa yake buƙatar sanin abin da ba a cika faɗa ba, wato shi Angostura, wanda ake yi a ƙasar Tirinidad, kashi 44.7 cikin ɗari na abin da ke cikin kwalbarsa barasa ce, don haka lemon da ake tallata shi a matsayin marar giya yana iya zuwa da ɗigonta idan an bi tsarin Legas sak. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a fifita haɗin gida, inda mai haɗawa ya san duk abin da ya shiga kofin.

Kowane haɗi mai kyau yana tsaye ne a kan abubuwa huɗu: tsami wanda ke farkar da harshe, da zaƙi wanda ke tausasa tsamin, da ƙamshi ko ɗan yaji wanda ke ba abin shan fuskar da za a gane shi da ita, da ruwa mai sanyi wanda ke ɗaukar sauran ukun. Idan zaƙi ya rinjaya sai lemon ya ginshi mai sha tun kafin ya kai rabin kofi, ya kuma ƙara masa ƙishirwa. Idan ruwa ya yi yawa sai a ce ya yi salam. Idan kuwa tsami ne ya wuce kima sai haƙora su mutu. Abin lura shi ne, ukun farko duk suna nan a kasuwannin yankin cikin sauƙi da araha, kuma ba su ne ke ba da wahala ba. Na huɗun, wato ruwa da sanyinsa, tare da tsabtar wurin niƙa da tsawon lokacin da abin shan zai yi a ajiye, su ne ke raba lemon da ke wartsakar da iyali da wanda ke kai su asibiti.

Zoɓo shi ne ginshiƙin tsami da launi. Ana samun sa daga yakuwa, wadda mutanen yammacin ƙasar Hausa suka fi sani da sure, kuma ɓangaren da ake jiƙawa shi ne jan kwanson da ke lulluɓe da 'ya'yan bayan fure ya kaɗe, wanda ake ɓarewa a shanya a ƙarshen damina. Manomi ba ya asarar komai a jikin wannan shuka, domin ganyen yana shiga miya da fate da kwaɗo, 'ya'yan kuma ana yin daddawar batso da su, kuma sau da yawa ana shuka ta ne a gefen gonar gero ko dawa a matsayin iyaka. Abin da ake ganin kamar abin shan talaka ne a nan ya zama babban kayan fatauci, domin 'yan kasuwa suna tara shi daga Jigawa da Kano da Katsina, musamman ta kasuwar Maigatari da ke kan iyakar Nijar, su tura shi ƙasashen waje, kuma Meziko tana cikin manyan masu saye. A can ana shan sa da sanyi kamar yadda ake yi a Gummi, haka nan a Sanigal da Gana da Masar da Sudan, kowace ƙasa da sunan da take kiran sa da kayan ƙamshin da take ƙara masa.

Jan launin zoɓo yana fitowa ne daga wani rukunin sinadarai da masana ke kira antosayanin, waɗanda launinsu ke canzawa gwargwadon tsamin ruwan da suke ciki: a ruwa mai tsami suna yin ja mai haske, idan kuwa tsamin ya ragu sai su yi duhu su karkata zuwa shuɗi-shuɗi. Wannan ne ke bayyana abin da ke faruwa idan aka jefa kanwa a tukunya, kamar yadda wasu mata ke yi don kashe tsami da rage yawan sukarin da za a zuba, domin nan take ruwan zai yi baƙi-baƙi. Dabarar tana da riba ta fuskar tattali, amma tana da hasara biyu, domin tana dusashe ɗanɗanon da ya sa zoɓo ya zama zoɓo, kuma tana rage tsamin da ke hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa a cikinsa. Ga wanda ke son haɗaɗɗen lemo, ya fi kyau a bar kanwa a gefe, a sassauta tsamin da ruwa da zaƙi a lokacin haɗawa. Batun amfaninsa ga masu hawan jini kuwa yana da tushe, domin wani bincike da aka yi a Jami'ar Tufts ta Amurka, aka wallafa a 2010, ya gwada mutum 65 masu ɗan hawan jini, ya kuma gano cewa waɗanda suka sha kofi uku na jiƙon zoɓo kullum har mako shida, lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kimanin maki 7. Sai dai wannan bai mayar da zoɓon biki mai cike da sukari magani ba, kuma wanda ke kan maganin hawan jini, ko mai juna biyu, ya kamata ya ji ta bakin likita kafin ya mayar da shi abin shan safe da yamma.

Hanyar da ta fi dacewa da haɗi ita ce a yi zoɓon da kauri, a ajiye shi a matsayin uwa, sannan a riƙa sirkawa a kofi. Ana ɗibar busasshen zoɓo cikin gwangwanin madara huɗu, a zuba a faranti a tsince ƙirare da tsakuwa, sannan a ɗauraye shi da ruwan sanyi cikin hanzari sau biyu, domin yashi yana maƙalewa a lungunan kwanson, amma idan aka bar shi ya daɗe a ruwan wanki to rabin launin zai bi ruwan ya tafi. A ɗora ruwa lita ɗaya da rabi, a jefa masa dakakkiyar citta kamar girman babban yatsa biyu, da kanumfari ƙwaya shida zuwa takwas, da ɓawon abarba da aka wanke da kyau idan akwai, a bari su tafasa kamar minti goma. Sai a sauke tukunyar, a juye ruwan zafin a kan zoɓon a cikin wani mazubi, a rufe, a bar shi minti ashirin zuwa rabin sa'a. Mai lura zai ga yadda kwanson da ya shiga a ƙanƙance, baƙi-ƙirin, yake buɗewa ya yi laushi, launinsa ya kuma kwashe zuwa cikin ruwan har cokali ya daina ganuwa daga zurfin gaɓar yatsa ɗaya. Al'adar barin zoɓo yana ta tafarfasa a kan wuta na tsawon sa'a guda ba ta ƙara masa komai sai bauri, kuma zafi mai tsawo yana lalata launin da ake nema. Daga nan sai a tace da rariya, a sake tacewa da farin ƙyalle mai tsabta, a kuma bar ɗan guntun da ya rage a gindin kwano, domin a nan ne sauran yashin yake kwanciya.

Sukari ba ya narkewa da kyau a ruwan sanyi, shi ya sa sau da yawa akan sha saman kofi da tsami a tarar da zaƙin duka a ƙasa. Maganin wannan shi ne a dafa sukarin daban, gwangwani ɗaya na sukari da gwangwani ɗaya na ruwa, a juya a kan wuta har ya narke ya yi garau, a huce shi a zuba a kwalba. Mazarƙwaila, wadda ake yi da ruwan rake da aka dafe har ya daskare, ta fi farin sukari ba da ɗanɗano mai zurfi, kuma tana tafiya da tsamiya fiye da yadda take tafiya da zoɓo, sai dai dole a narka ta a tace saboda ɓurɓushin da ke zuwa da ita. Zuma ma tana yi, amma ba a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba. Babbar fa'idar ware zaƙi daban ita ce kowa zai iya auna nasa, wanda ke da ciwon sukari a gidan ya sha nasa da kaɗan ko babu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin abincin da mutum ke ci a yini, wato kimanin giram 50 ko ƙaramin cokali 12 ga baligi, alhali kwalbar lemo guda mai santilita 35 tana ɗauke da fiye da giram 30. Harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kamfani, wanda dokar kuɗi ta 2021 ta kawo, bai shafi abin da ake damawa a gida ba, kuma ba a rasa zoɓon gida da ya fi na kwalba sukari.

A ɓangaren ƙamshi, citta ce kan gaba, kuma mafi yawan wadda ake sayarwa a kasuwannin Zamfara tana fitowa ne daga kudancin Kaduna, yankin Kachia da Kafanchan da Kwoi, inda wata cutar shuka ta cinye gonaki a 2023 ta sa farashinta ya yi tashin gwauron zabo. Ɗanyar citta ta fi ƙamshi, busasshiya ta fi yaji, don haka idan busasshiyar ce a hannu sai a rage yawanta. Kanumfari yana da ƙarfi ƙwarai, kuma ƙwaya biyu da suka wuce ƙa'ida suna iya mayar da lemo kamar maganin ciwon haƙori. Ɗan ɗacin da Angostura ke bayarwa kuwa ana samun sa daga ɓawon lemon zaƙi ko na lemon tsami, a fere koren bayan kawai ba tare da farin cikin ba, a jefa a ruwan sukari yana da zafi, a cire bayan minti goma. Na'a-na'a ba a dafa shi, ana murza ganyen ne a tafin hannu a jefa a kofi a ƙarshe.

Idan waɗannan sun samu, haɗa kofin ba ya ɗaukar minti biyu. A babban kofi a zuba zoɓo mai kauri kashi ɗaya cikin huɗu, a ƙara babban cokali ɗaya ko biyu na ruwan sukari, a matse rabin lemon tsami, a zuba ruwan lemon zaƙi ko na abarba ko na kankana har kofin ya kai rabi, sannan a cike da ruwan sanyi ko ruwan soda ga mai son ya ji gas. A juya, a ɗanɗana, a gyara, domin zoɓon bana ba lallai ya yi tsamin na bara ba, kuma lemon Binuwai na farkon kaka ba ya yin zaƙin na tsakiyarta. Yankan kokwamba biyu ko uku suna ƙara masa wani ƙamshi mai sanyi, kuma duk wanda ya taɓa shan Chapman zai gane cewa zoɓon ya tsaya a gurbin giranadin, ɓawon lemo da kanumfari sun tsaya a gurbin Angostura. Kankana, wadda masu noman rani ke fitarwa daga fadamun Gulbin Zamfara da kuma filayen ban-ruwa na madatsar Bakolori da ke kusa da Talata Mafara, ta fi kowane ɗan itace dacewa da wannan haɗi, domin tana kawo ruwa da zaƙi a lokaci guda, sai a rage sukari.

Tsamiya tana ba da wani tsami daban, mai nauyi da daɗewa a harshe, saboda sinadarin da ke cikinta ba irin na lemon tsami ba ne. Ana jiƙa ta a ruwan ɗumi kamar sa'a ɗaya, a murje da hannu mai tsabta har naman ya rabu da ƙwallon, a tace, a ɗan tafasa ruwan. Abokin tafiyarta shi ne mangwaro, wanda lokacinsa ke zuwa daidai da tsananin zafi, yana kuma yin araha har ya riƙa ruɓewa a gindin bishiya: naman mangwaro biyu da aka markaɗa, da ruwan tsamiya rabin kofi, da mazarƙwaila da ɗan citta, a sirka da ruwa lita ɗaya, yana ba da lemo mai kauri wanda zaƙin mangwaron ba ya ginsarwa. Garin 'ya'yan kuka, wanda ke da sinadarin bitamin C mai yawa, ana dama shi da ruwan sanyi ya yi fari kamar madara, goruba kuwa ana jiƙa dakakken bayanta, kamar yadda Misirawa ke yi a watan azumi.

Kunun aya yana buƙatar bayani na musamman, domin shi ne ya fi daɗi a wurin mutane da yawa kuma shi ne ya fi saurin lalacewa. Aya ba gyaɗa ba ce, saiwa ce ta wata ciyawa da ke yin 'ya'ya a ƙarƙashin ƙasa, kuma jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar tana cikin manyan wuraren nomanta, haka nan mutanen Balansiya a ƙasar Sifen suna da irin wannan abin sha da suke alfahari da shi. Ana rege busasshiyar aya a ƙwarya don fitar da tsakuwa, a tsince ruɓaɓɓu domin ƙwaya kaɗan masu baƙin ciki suna ɓata tukunya guda, a jiƙa ta kwana ɗaya ana canza ruwa, sannan a markaɗa gwangwani huɗu da dabino kamar goma da aka cire wa ƙwallo, da rabin kwakwa, da ɗan citta da kanumfari, a tace da ƙyalle a cikin ruwa lita biyu. Ba a dafa shi, domin sitacin da ke cikin ayar zai kumbura ya mayar da shi koko, kuma wannan sitacin ne yake kwanciya fari a gindin gora har sai an girgiza. Tun da ba ya hawa wuta, ba shi kuma da tsamin da zai kare shi, ga sukari da maiƙo a cikinsa, kunun aya wuri ne da ƙwayoyin cuta ke hayayyafa cikin sauri, kuma a zafin Afrilu sa'o'i kaɗan sun isa ya fara tsami da yauƙi. A watan Yunin 2024 jami'an lafiya na jihar Legas sun danganta wani ɓangare na ɓarkewar kwalara da aka samu a can da wani kunun aya marar rajista da ake sayarwa a gora.

Akwai kuma fuskar addini a wannan batu na lokaci. Duk ruwan da ke da sukari, idan aka bar shi a wuri mai ɗumi, ƙwayoyin yis da ke yawo a iska da waɗanda ke jikin ɓawon 'ya'yan itace za su fara cin sukarin suna fitar da gas da barasa, kuma alamunsa su ne kumfa a sama, da gora da ta kumbura ta yi tauri, da wani kaifi a harshe da ba na tsamin asali ba. A Meziko da gangan ake barin ɓawon abarba a ruwan sukari kwana biyu zuwa uku don ya tashi, wanda ya nuna dalilin da ya sa ya kamata a tafasa ɓawon kafin ya shiga zoɓo. Littattafan hadisi da na fiƙihu sun daɗe da sanin wannan, domin a Sahihu Muslim an ruwaito daga Ibn Abbas cewa jiƙon zabibi da ake yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya wuce yammacin rana ta uku a wurinsa, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamai a duk faɗin ƙasar Hausa, ta kawo hanin da aka yi game da haɗa nau'i biyu a jiƙo ɗaya, abin da malamai suka bayyana dalilinsa da cewa haɗin yana gaggauta tashin abin sha tun mai shi bai ankara ba. A yanayin Anka ko Bukkuyum, inda dare ma ba ya yin sanyi a bazara, lemon da ba ya cikin firji na yini ɗaya ne.

Ruwan da za a sirka lemo da shi ya fi komai muhimmanci, domin shi ne kaso mafi yawa a kofin kuma shi ne ba ya bi ta kan wuta. Ambaliyar da ta afka wa garin Gummi a watan Agustan 2024 ta nuna yadda ruwan sama ke haɗe rijiya da masai a dare ɗaya, kuma a Agustan 2025 an samu ɓarkewar amai da gudawa a ƙauyukan Bukkuyum, inda rahotanni suka ce mutum takwas sun rasu, fiye da 200 sun kamu, a yankin da matsalar tsaro ke hana marasa lafiya isa asibiti a kan lokaci. Tafasa ruwa har ya yi minti ɗaya yana ɓulɓula yana kashe ƙwayar kwalara, amma daskarewa ba ta kashe ta, don haka ƙanƙarar da ake saye a leda ko a dunƙule tsabtarta ba ta wuce tsabtar ruwan da aka yi ta da shi da hannuwan da suka ɗauko ta ba. Hanya mafi aminci ita ce a rufe lemon a gora ko jarka mai tsabta, a binne ta a cikin kula mai ƙanƙara, maimakon a fasa ƙanƙarar a jefa a ciki, kuma wannan yana hana lemon tsinkewa idan ta narke. Gorunan roba da yara ke tsintowa a tasha da wuraren biki su sayar wa masu zoɓo suna buƙatar wanki da sabulu da ruwan zafi, su da murafensu, ba ɗauraya kawai ba.

Wani haɗarin kuma na wannan yanki ne musamman. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka gano cewa yara suna mutuwa da yawa a ƙauyukan da ake haƙar zinare, kuma bincike ya tabbatar da gubar dalma ce, wadda ta kashe yara fiye da 400 a wurare irin su Dareta, Abare, Sunke da Bagega a ƙaramar hukumar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum. Dutsen da ake haƙowa yana ɗauke da dalma mai yawa, kuma an riƙa niƙa shi a injinan niƙan hatsi, ana daka shi a turamen cikin gida, ƙurarsa tana sauka a tsakar gida da kwanuka da bakin rijiya. An kwashe gurɓatacciyar ƙasar ƙauyukan, ta Bagega a 2013, amma haƙar zinare ba ta tsaya ba, don haka uwargidan da za ta aika da aya ko gero wurin markaɗe tana da haƙƙin sanin ko injin ya taɓa niƙa dutse, kuma turmin da ya taɓa dakan dutsen zinare ya fita daga sahun kayan girki har abada. Tafasawa ba ta cire dalma daga ruwa. Bugu da ƙari, abin sha mai tsami irin zoɓo da tsamiya yana narkar da ƙarfe daga jikin mazubi, kuma wani bincike da aka wallafa a 2014 a kan tukwanen alminiyum da maƙera ke zubawa daga tarkacen ƙarafa a Kamaru ya nuna suna sakin dalma idan aka dafa abu mai tsami a cikinsu. Wannan wani dalili ne na tafasa ruwa da kayan ƙamshi kawai a tukunya, a juye su a kan zoɓon a cikin kwanon samira wanda fentinsa bai ɓare ba, ko mazubin ƙarfen da ba ya tsatsa, ko na tangaran.

Garin ɗanɗano da kalar da ake sayarwa a ƙulle-ƙullen leda ba tare da suna ko ranar lalacewa ba su ma abin gudu ne. A watan Maris na 2021 ɗaruruwan mutane a Kano sun kwanta a asibiti bayan shan lemon da aka haɗa da irin wannan gari, gwamnatin jihar ta sanar da rasuwar mutum goma, kuma hukumar NAFDAC ta bayyana cewa wani sinadari mai guba ne aka sayar wa jama'a a matsayin ɗan tsami. Inda tsamiya ke zuba a bakin hanya kuma lemon tsami ke kan kowane tire, babu hujjar sayen tsami a leda.

Saura batun sanyaya lemo inda wutar lantarki ba ta da tabbas. Firji mai aiki da hasken rana ya fara yawaita a shagunan manyan garuruwan, amma yawancin gidaje har yanzu da randa da tulu suke dogara, waɗanda ke sanyaya ruwa saboda damshin da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bushewa yana tafiya da zafi. A kan wannan ƙa'ida ce Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya yaɗa dabarar sanya ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cike tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, aikin da ya samar masa lambar yabo ta Rolex a 2000. Dabarar ta fi aiki a busasshiyar iskar rani, wato daidai lokacin da aka fi buƙatarta, tana kuma raguwa idan damina ta kawo laima. Irin wannan sanyi ya isa ya sa zoɓo da ruwan tsamiya su yi daɗin sha, su kuma kai daga hantsi zuwa magariba lafiya, amma bai kai ya tsare kunun aya ba, wanda a gidan da babu firji ya kamata a markaɗa shi bayan la'asar, a yi daidai yawan masu sha, a shanye shi kafin sallar isha'i.